BAYANI: Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai kare katin cire kuɗinsa daga 'yan damfara

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023, cinikin ƙananan 'yan kasuwa a Najeriya ya karkata zuwa banki. Mai atamfa a Kantin Kwari, da mai buhunan hatsi a Dawanau, da mai gyaran waya a Farm Centre, waɗanda a da suke kwana da cinikin yini a aljihu ko a akwatin ƙarfe, yanzu kaso mai yawa na kuɗinsu yana zaune ne a asusu. Mabuɗin asusun kuwa abu biyu ne: ɗan ƙaramin katin roba, da layin wayar da aka yi rajistar asusun da shi.

Sauyin ya rage fargabar ɗan fashi a hanya, amma ya buɗe wata ƙofar. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan ƙasar, sun nuna cewa asarar da aka tafka ta hanyar damfara ta haura naira biliyan 17 a 2023, sannan ta haura biliyan 52 a 2024. Ba duka ne aka sace ta hanyar kati ba, amma rahotannin kamfanin sun sha nuna cewa yaudarar mai asusu da daɗin baki tana kan gaba a cikin dabarun da ɓarayin ke amfani da su.

Idan kuɗi suka riga suka fita, lokaci da doka ba su cika tsaya wa mai asusu ba. Don haka yawancin kariyar da ɗan kasuwa zai samu tana cikin tsarin da ya yi kafin ranar tsautsayi.

Abin da ya sa katin ɗan kasuwa ya fi shiga haɗari

Katin cire kuɗi, wanda aka fi sani da katin ATM, a haɗe yake kai tsaye da kuɗin mai asusu. Ya bambanta da katin bashi, wanda kuɗin banki ake kashewa da shi kafin a biya daga baya. Duk nairar da ta fita ta katin cire kuɗi ta mai shi ce, kuma nan take take fita, alhali dawo da ita kan ɗauki makonni, idan ma ta dawo.

Ga ma'aikaci, irin wannan asara ta albashin wata ce. Ga ɗan kasuwa kuwa uwar kuɗi ce ke tafiya. Sau da yawa ma ba tasa ba ce shi kaɗai: akwai kuɗin kayan da ya karɓo bashi a hannun dila, da kuɗin da abokin ciniki ya ba da kafin alƙalami, da zubin adashi, da haƙƙin yaran shago. Wanda aka kwashe wa asusu ana gobe zai biya dila, ya rasa kuɗi ya kuma rasa yardar da kasuwancinsa ya dogara a kai.

Ƙari a kan haka, katin shago yana yawo. Ana ba yaro ya ciro kuɗin dako, ana ba direba ya sha mai, ana miƙa shi ga mai POS sau da yawa a rana. Kowane hannu da ya ratsa wata dama ce ta fitar sirrinsa.

Sirrin da ke jikin katin

Abubuwa huɗu ne ke buɗe kati. Akwai doguwar lambar da ke jikinsa, mai alƙaluma 16 a katunan Visa da Mastercard, wadda takan kai 19 a wasu katunan Verve. Akwai wata da shekarar da zai daina aiki. Akwai lambobi uku da ke bayansa, waɗanda ake kira CVV. Sai lambar sirri mai alƙaluma huɗu, wato PIN, wadda ba a rubuta ta a ko'ina. Na biyar ba a jikin katin yake ba: shi ne OTP, lambar tabbatarwa ta ɗan lokaci da banki ke turawa waya idan za a biya kuɗi ta intanet.

Wanda ya riƙe katin ya kuma san lambar sirri zai iya cire kuɗi a ATM ko a POS. Wanda ya san doguwar lambar da ranar ƙarewa da lambobin baya zai iya yin sayayya ta intanet ba tare da ya taɓa katin ba. Yawancin shafukan biyan kuɗi na cikin gida suna neman PIN ko OTP kafin su kammala, amma akwai shafukan ƙasashen waje da ba sa nema. Wannan ne ya sa hoton gaba da bayan kati kaɗai ya isa a yi ɓarna da shi.

Tun wajen 2010 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sa bankuna suka koma katuna masu ɗan guntun ƙarfe a gaba, waɗanda kwafar su ke da matuƙar wuya. Da ɓarayi suka ga haka, sai suka rage kai wa na'ura hari, suka koma kan mutumin da ke riƙe da katin.

Hanyoyin da ake bi a sace

Ta farko ita ce musanyar kati a bakin ATM. Ɓarawo yakan tsaya a layi ya lura da wanda na'ura ta ba wuya, ya matso da sunan taimako, ya ga lambar sirri lokacin da ake dannawa, sannan ya miƙo wani mataccen kati mai launi ɗaya da na ainihi. Mai kati kan tafi gida bai sani ba, sai alat ya fara shigowa.

Ta biyu ita ce kiran waya da sunan banki. Mai kiran kan ambaci cikakken sunan mutum, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, ya ce za a rufe asusu idan ba a sabunta BVN ko NIN ba. Ƙaryar tana karɓuwa ne domin ta jingina da gaskiya: an fara haɗa layukan waya da NIN tun Disambar 2020, kuma a Disambar 2023 CBN ya umarci a haɗa asusu da BVN ko NIN. Sai dai babu bankin da ke tambayar PIN, ko CVV, ko OTP ta waya. Duk wanda ya tambaya, ko da wace murya ya zo, ɓarawo ne.

Ta uku ita ce satar layi. Wayar da aka fizge a kasuwa ko a cikin adaidaita sahu, sau da yawa layin da ke cikinta ya fi ta daraja. Da layin ake karɓar OTP, da shi ake tura kuɗi ta lambobin USSD, kuma danna *565*0# a layin da aka yi rajista da shi yana fito da lambar BVN. Wasu ma ba sa buƙatar wayar: da bayanan da suka tattara sukan yi wa layin walkam-bak, su karɓi sabon sim. Alamar hakan ita ce sabis ya ɗauke a waya ɗaya alhali na maƙwabta yana aiki.

Ta huɗu tana faruwa a wajen POS. Mafi yawan masu wannan sana'a neman halak suke yi, kuma su ma ana damfarar su. Amma an sha samun ɓata-gari da ke ƙara sifiri a kan adadin da aka faɗa, ko su ce na'ura ta ƙi aiki su sake cira, ko su juya baya su ɗauki hoton kati. Yawaitar irin wannan ƙorafi na cikin dalilan da aka bayar a 2024 lokacin da aka umarci masu POS su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC.

Ta biyar ita ce shafukan bogi. Saƙo kan zo ta WhatsApp ko Facebook yana tallan tallafin gwamnati ga ƙananan 'yan kasuwa, ko bashi marar ruwa, ko kaya a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, sai a buƙaci bayanan kati domin "kuɗin rajista". Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar kati. Lambar asusu mai alƙaluma goma ta wadatar.

Ta shida ita ce wadda ba a son faɗa, wato ta cikin gida. Yaron shago ko ɗan'uwan da ya san lambar sirri ba sai ya kwashe asusu gaba ɗaya ba. Dubu biyar yau, dubu goma jibi, a cikin tarin alat na ciniki babu mai lura. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da doka ta tanada, da inda ta tsaya

Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta tanadi hukunci mai nauyi. Sashe na 30 ya yanke ɗaurin shekara biyar, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya yi wa na'urar ATM ko POS maguɗi da nufin damfara. Sashe na 33 ya tattara laifukan da suka shafi katunan kuɗi, tun daga sata har zuwa amfani da katin wani.

Amma hukunta ɓarawo daban, dawo da kuɗi daban. Sashe na 19 na dokar ya ɗora wa bankuna nauyin kare bayanan abokan hulɗarsu, sai dai ya ƙara da cewa idan aka samu ɓaraka, abokin hulɗa ne zai tabbatar da cewa bankin ya yi sakaci. Ma'ana, mai shagon da ba shi da lauya, ba shi da hanyar leƙa na'urorin banki, shi ne zai kawo hujja a kan cibiyar da ke riƙe da duk bayanan. A aikace, da zarar banki ya nuna cewa an yi amfani da PIN ko OTP na gaskiya, yakan ce laifin mai kati ne.

Akwai wasu tanade-tanade biyu da ake yawan ruɗewa a kansu. Na farko, umarnin CBN na Yunin 2020 ya ƙayyade lokacin mayar da kuɗi: awa 24 idan ATM na bankin mutum ya riƙe kuɗi bai mayar nan take ba, awa 48 idan na wani banki ne, awa 72 idan a POS ne ko ta intanet. Wannan ya shafi cinikin da ya maƙale ne, ba alƙawari ba ne cewa za a biya wanda aka yaudara ya ba da sirrinsa. Na biyu, inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci a 2024, tana aiki ne idan banki ya durƙushe, kamar yadda ya faru da Heritage Bank a Yunin shekarar. Ba ta biyan wanda ɓarawo ya kwashe.

Wannan rauni na ɗan kasuwa bai tsaya ga Najeriya ba. A Amurka, dokar 1978 da ke kare masu amfani da katin cire kuɗi ta taƙaita asarar mai kati zuwa dala 50 idan ya kai rahoto cikin kwana biyu na aiki, amma kariyar ta asusun ɗaiɗaikun mutane ce, ba ta shafi asusun kasuwanci ba. Ko a can, ana ɗaukar ɗan kasuwa a matsayin wanda ya kamata ya tsare kansa.

Tsarin da ke rage asara

Mataki mafi muhimmanci shi ne raba asusu. Jari ya zauna a asusun da ba shi da kati ko kaɗan, ko kuma katinsa yana kulle a gida. A buɗe asusu na biyu na hidimar yau da kullum, a riƙa tura masa abin da ake buƙata na yini ɗaya ko biyu, shi ne katinsa zai riƙa fita. Misali, mai shagon da jarinsa ya kai naira miliyan 3, idan dubu 100 ce kawai a asusun da ke da kati, to iyakar abin da ɓarawon kati zai samu ke nan. Haka kuma asusun da ake liƙa lambarsa a bango domin karɓar tiransfa bai kamata ya zama ma'ajiyar jari ba. Raba kuɗin shago da na cefane ma yana cikin wannan, kuma rajistar sunan kasuwanci a CAC tana ba da damar buɗe asusu da sunan shagon.

Na biyu, a ƙayyade wa katin iyaka. Manhajojin bankuna da dama suna ba mai asusu damar rage adadin da za a iya cirewa a rana, da kashe sayayya ta intanet, da hana amfani da katin a ƙasashen waje. Wanda ba ya sayen komai ta intanet ba shi da dalilin barin wannan ƙofa a buɗe. Wanda ba ya amfani da manhaja yana iya neman a yi masa haka a reshen banki. Katunan da ake karawa a jikin na'ura ba tare da lambar sirri ba suna da iyakar da CBN ya sa a 2023: naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a yini. Wanda bai buƙaci wannan tsari ba, gara ya nemi a kashe shi.

Na uku, a san wanda ke riƙe da kati. Idan aike ya zama dole, a tura wa yaron kuɗin a asusunsa, ko a ba shi katin ƙaramin asusu. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga yaron kansa, domin ranar da kuɗi suka ɓata ba za a ɗora masa laifin da bai aikata ba. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da an rabu lafiya, a sauya lambar sirri. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar waya, ko 1234, kuma kada a rubuta ta a bayan littafin bashi.

Na huɗu, a tsare layin waya kamar yadda ake tsare katin. A sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ba allon waya kaɗai ba, ta yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba. Ya fi kyau layin banki ya bambanta da wanda aka rubuta a allon shago. Kada a ajiye hoton kati ko lambar BVN a cikin waya, kuma kada a riƙa cusa katin a bayan rigar waya: wanda ya fizgi ɗaya ya samu biyu, kuma bankuna da dama da lambobin ƙarshe na kati ake buɗe USSD ɗinsu.

Na biyar, a riƙa duba lissafi kullum. Saƙon alat yakan makara, wani lokaci ma ba ya zuwa. Minti goma bayan rufe shago, a gwada abin da ya fita daga asusu da abin da ke cikin littafi. Ƙaramin cirar da ba a gane ba, ko ta naira ɗari ce, abin bincike ce, domin ɓarayi kan fara gwada kati da ɗan kuɗi kaɗan kafin su yi babbar cira.

Na shida, ladabin tsayuwa a gaban na'ura. A rufe madannai da hannu. A karanta adadin da ke kan allon POS kafin a danna lambar sirri. Kada kati ya ɓace wa ido. Idan aka ce ciniki bai yi ba, a karɓi rasit a duba asusu kafin a sake gwadawa. Idan ATM ya ba da matsala, ma'aikacin banki ake nema, ba na kusa a layi ba. Kafin a bar wurin, a duba sunan da ke jikin katin.

Awar farko bayan sata

Kuɗin sata ba sa zama. Cikin mintuna ake rarraba su zuwa asusu daban-daban, a cire su a wajen POS. Don haka abin farko shi ne toshe katin da asusun, kafin kuka, kafin neman mai laifi. Bankuna suna da lambar gaggawa da za a iya dannawa daga kowace waya: ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#. Kowane ɗan kasuwa ya tambayi ta bankinsa tun yau, ya rubuta ta a takarda tare da lambar asusunsa, ya ajiye a wurin da ba cikin waya ba. Idan layi aka sace, a sanar da kamfanin sadarwa ya rufe shi a lokaci guda.

Daga nan sai a kira sashen yaƙi da damfara na bankin. Tun 2015 CBN ya wajabta wa bankuna kafa irin wannan sashe mai aiki dare da rana, wanda ke iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka shiga domin a daskarar da su. Idan an yi sa'a kuɗin ba su fita ba, nan ne ake samun nasara.

Kira kaɗai ba ya zama hujja. A rubuta ƙorafi, a kai reshe, a karɓi lambar bin sawun ƙorafin ko kwafi mai hatimi. A adana saƙonnin alat, da lambar da ta kira, da lokacin da aka sanar da banki, domin duk cirar da aka yi bayan sanarwa tana ƙarfafa hujjar mai asusu. A kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga hukumar EFCC. Sau da yawa bankuna kan nemi rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu kafin su mayar da kuɗin da aka daskarar.

Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ko amsarsa ba ta gamsar ba, mai asusu yana da 'yancin ɗaukaka ƙorafin zuwa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, ta kowane reshen babban bankin da ke jihohi, kuma kyauta ne. Idan akwai alamar cewa bayanansa sun fita ne daga hannun wata cibiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba shi damar kai ƙara gaban hukumar NDPC.

Abin da ya rage a wuyan hukuma

Gwamnati ce ta tura 'yan kasuwa banki, tun daga tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi da aka fara a Legas a 2012 har zuwa sauyin naira. Tambayar da ta dace matasa masu bibiyar siyasa su riƙa yi wa wakilansu a Majalisar Tarayya ita ce: me ya sa har yanzu nauyin kawo hujja yake kan wanda aka cuta? Me ya sa yawancin saƙonnin gargaɗi da fom ɗin ƙorafi suke zuwa da Turanci ga mutanen da Hausa suke ciniki da ita? Kuma wa ke bin sawun asusun da ake buɗewa da sunayen wasu domin karɓar kuɗin sata?

Kafin a samu amsa, abin da ke hannun ɗan kasuwa bayyananne ne: jari a asusu daban, kati mai ƙaramin kuɗi, sim mai kulle, lambar gaggawa a takarda, da duba lissafi kowace yamma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.